Gilashi Ba Baƙo Ba Ne a Ƙasar Nan

Duk wanda ya bi hanyar Challawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, zai ga manyan motoci shaƙe da kwalaben lemo, ya kuma ga 'yan bola-jari suna tsintar fasassun. Idan na tambayi ɗalibaina asalin wannan sana'a, amsarsu ɗaya ce: aikin Bature. Tarihi bai yarda da su ba.

Mutanen Masar da Mesofotamiya sun ƙera kwanukan gilashi shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sirrin kuwa ba mai nisa ba ne: yashi ba ya narkewa da sauƙi sai an haɗa shi da wani gishiri mai sassauto da zafin da yake bukata. A zamanin Rumawa daga Wadi Natrun na Masar ake ɗebo wannan gishiri, kuma ɗan uwan kanwar da ke cikin tukunyar iyayenmu ne.

A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, Dakta Abidemi Babalola ya tono dubban duwatsun ado na gilashi tare da tukwanen narka su, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Binciken sinadarai ya nuna gilashin yana da yawan farar ƙasa da alumina irin wanda ba a san shi a Turai ko Gabas ta Tsakiya ba. Wato daga ƙasar wurin aka haɗa shi. An kuma tsinci irinsa har a Gao ta Mali.

Mafi kusa da mu su ne Masagā na Bida, waɗanda S. F. Nadel ya yi bayanin sana'arsu a 1942. Su kan haɗa yashi da kanwa a rami, su hura wuta kwana da kwanaki, har baƙin gilashin da suke kira bikini ya fito, su yi awarwaro da tsakiya. Kanwar nan kuwa fataken Arewa ne suka saba safararta zuwa ƙasar Nufe. A yau galibi kwalba suke narkawa, saboda ta fi araha, kuma a ganina nan haɗarin yake: mai narka kwalba ya gaji rabin ilimin ne kawai. UNESCO ta sanya Bida cikin biranen fasahar hannu a 2021, amma lambar yabo ba ta koya wa yaro awon kanwa.

To, ina Kano? Manyan masana'antun kwalba suna Agbara da Ughelli, can Kudu. Dalilin ba rashin basira ba ne. Tanderun gilashi na zamani yana aiki da zafin kusan digiri 1,500, kuma idan aka kunna shi ba a kashewa sai bayan shekaru. In ya huce da narkakken gilashi a ciki, ya lalace. Wane ɗan kasuwa ne a Sharada ko Bompai zai jingina dukiyarsa da irin wutar lantarkinmu?

Shi ya sa nake bibiyar bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da fasahar gilashi, fasassun kwalabe kuma suna rage makamashin da tanderu ke ci. Kafin gas ɗin ya iso, ya kamata jami'o'inmu su auna yashin kogunanmu, su kuma je Bida su naɗi ilimin dattawan da suka rage.