Damina da Wutar Babur a Wagini: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

A Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana, babur ne ke kai buhun gero kasuwa, shi ne ke kai mai naƙuda asibiti. A ƙasar da ke maƙwabtaka da dajin Rugu kuwa, mashin ya mutu wa mutum a hanya da yamma sakaliya ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Da zarar damina ta kankama, musamman a watan Agusta, sai rumfunan kanikawa su cika da mashinan da suka ƙi tashi, kowa kuma da bayaninsa: ruwan sama ya shanye batir, ruwa ya ƙona CDI (na'urar da ke sarrafa wutar fulogi), raɓa ta kashe kwayil. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu ko kusa. Abin da hujja ta nuna shi ne ruwa bai cika kashe kayan wuta su kansu ba, mahaɗarsu yake ɓatawa, wato soket da kan batir da duk inda waya ta haɗu da ƙarfe. Tun da aka cire tallafin fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, kayan gyara suka yi tsada, rashin rarrabe mutuwar kaya da lalacewar mahaɗa kuwa yana sa mai babur ya biya kuɗin kayan da lafiyarsu ƙalau.

Mu fara da maganar da ke gaskiya. Masu cewa babur yana mutuwa nan take idan ruwa ya taɓa fulogi ba su yi ƙarya ba. Wutar da kwayil ke aikawa fulogi ta haura bolt 10,000, kuma wuta mai wannan ƙarfi hanya mafi sauƙi take nema. Idan hular fulogi ta tsage, ko robar wayarta ta bushe ta yi zane-zane saboda ranar bazara, sai ruwa mai haɗe da laka ya kwanta a kai, wutar ta bi ta nan ta zirare zuwa jikin inji maimakon ta yi tartsatsi a ciki. Inji sai ya fara tari, ya mutu. Alamar wannan matsala ita ce tana zuwa da ruwa, tana tafiya da shi: a zare hular, a goge ciki da waje da busasshen tsumma, a ɗan jira zafin inji ya ƙarasa busar da ita, mashin ya tashi. Wanda ya tayar da irin wannan babur cikin duhu yakan ga shuɗin tartsatsi yana gudu a jikin wayar. Ba abin da ya ƙone a nan. Gyaran bai wuce sabuwar hula ko sabuwar waya ba.

Maganar cewa ruwan sama yana shanye batir ita ce mafi yaɗuwa, kuma ita ce mafi rauni. Batirin babur bolt 12 ne kacal, wuta mai wannan rauni kuwa ba ta iya ratsa ruwan sama har ta zube da yawa cikin dare ɗaya. Abokin gabar batir na gaskiya zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Katsina, ruwan batir yana ƙafewa, farantan darmar ciki suna lalacewa, sai batirin ya shigo damina da rabin rai, ya ƙarasa mutuwa a lokacin ruwa, a ɗora wa ruwa laifi. Aikin da danshi ke yi a hankali yake yinsa. Ƙurar hunturu da ta maƙale a cikin soket tana jiƙa ta riƙe laima, tagullar waya ta yi kore-kore, tururin ruwan batir ya haɗu da danshi ya tara farin gari a kan batir. Wannan datti yana tare hanyar wuta, kuma asarar da yake jawowa tana ƙaruwa ne daidai da yawan wutar da ake ja. Fitila mai wat 35 tana jan kamar amfiya 3, sitata kuma takan ja ninki goma na haka ko fiye. Tsatsar da ba za ta rage wa fitila ko rabin bolt ba, ita ce za ta kwashe wa sitata bolt 3. Shi ya sa ake ganin fitila tana kamawa, a danna sitata a ji ƙyas kawai, a yanke hukuncin batir ya mutu alhali kansa ne ke neman kankarewa. Batun ajiye batir a ƙasa yana tsotse masa caji kuwa, gadon zamanin da ne da ake yin gidan batir da katako ko baƙar roba mai zufa. Gidan robar yau ba ya bari wuta ta wuce.

Mai babur zai iya cewa: to ai ni an canza mini CDI, mashin ya tashi a take, ina ƙaryar? Wannan ƙorafi ne mai nauyi, bai kamata a yi watsi da shi ba. Amma a duba abin da ya faru yayin canzawar. Bakanike ya zare tsohon soket, ya cusa sabo mai haƙora masu sheƙi, wannan zarewa da cusawa kaɗai ta kankare tsatsar da ke tare hanya. CDI a narkakken danƙo aka binne shi tun daga masana'anta, ruwa ba ya samun kafar shiga sai idan gidan ya tsage. Gwajin ba ya cin ko kwabo: bayan an goge soket, a mayar da tsohon CDI ɗin a buga. Idan ya tashi, magana ta ƙare. Ban ce kaya ba sa mutuwa ba. Jabun CDI da jabun kwayil sun cika kasuwa, kuma na'urar da ke daidaita caji idan ta lalace takan dafa batir ta ƙona ƙwan fitila. Ban kuma ɗora laifin a kan ha'incin kanikawa ba, domin mafi yawansu aikin ido da kunne suka koya, ba su da mitar gwajin wuta, sai canza kaya ɗaya bayan ɗaya har a dace. Ga mai mita kuwa, batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna kusan 12.6, idan an tayar da inji aka ɗan ba shi wuta ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Ko babu mita akwai dabara: yawancin ƙananan mashinan da ake hawa a karkara daga kwayil ɗin cikin inji suke samun wutar fulogi, don haka idan sitata ta ƙi amma an buga da ƙafa ya tashi, a bar CDI a nemi matsalar tsakanin batir, fiyus da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur. Wannan waya ta ƙarshe ita aka fi mantawa, alhali duk wutar mashin ta nan take komawa.

Sai magungunan da ake yaɗawa, waɗanda wasunsu sun fi cutar muni. Naɗe fiyus da takardar kwalin taba, ko maye gurbinsa da guntun waya, cire mai gadi ne daga bakin ƙofa: fiyus yana tsinkewa ne don kada wayoyi su kama wuta, kuma wayoyin nan a ƙarƙashin tankin fetur suke bi. Fiyus da ke yawan tsinkewa a damina yana nuna akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe, ita za a nemo. Ƙara wa batir asid shi ma kuskure ne, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ruwan rijiya da na leda suna ɗauke da gishiri-gishirin da ke ɓata faranti, tataccen ruwan da ake sayarwa don batir shi kaɗai ya dace, batirin da aka rufe daga masana'anta kuwa ba a buɗe shi. Watsa fetur a kan fulogi don ya bushe, kusa da tartsatsi da zazzafan inji, neman gobara ne. Lemon kwalba yana ɗan wanke farin garin, amma yana barin sukari mai danƙo da ke tara ƙura. Abin da ya fi shi yana cikin kowane gida: a cire wayoyin, baƙar farko, a jiƙa kanwa a wanke kan batir da ita, domin tana kashe kaifin asid, a kula kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin, a busar, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fes, a ɗaure tam. Daga nan a shafa giris ko man basilin. Masu cewa giris yana hana wuta wucewa sun faɗi rabin gaskiya. Lallai wuta ba ta bi ta cikinsa, amma idan an riga an matse ƙarfe da ƙarfe, aikinsa hana iska da danshi isa wurin ne.

Akwai kuma mutuwar da ake ɗora wa wuta alhali ba ruwanta. Fetur ɗin kwalba ko na jarka da ya kwana a ruwa yakan shigo da ruwa, ruwan ya kwanta a gindin kabireta saboda ya fi fetur nauyi, kwance ƙaramin notin da ke ƙasa a zubar ya isa. Mafi haɗari shi ne babur da ya mutu a tsakiyar rafi har ruwa ya kai wurin shan iska. Kada a buga shi, kada a danna sitata, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, yana iya lanƙwasa sandar fistin. A tura shi waje, a cire fulogi, a buga a hankali har ruwan ya fita ta ramin, a duba matatar iska, idan kuma baƙin mai ya koma fari-fari a juye shi a zuba sabo kafin a sake tayar da injin.