Kafin Ka Sayi Tsohon Babur a Jos: Abin da Jijjigar Inji Ke Nunawa

Tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, amma har gobe babur ne ƙafar manomin dankalin turawa a Bokkos da Mangu da Barkin Ladi. Sabo ya yi tsada, shi ya sa jama'a suka koma sayen na hannu. Masu saye da yawa fenti suke dubawa, alhali lafiyar mashin a injinsa take, kuma jijjiga ce ke fara tona asirinsa.

Da farko ka sani, duk babur mai fistin ɗaya sai ya yi jijjiga, ko yau aka kwance shi daga kwali, domin fistin yana hawa da sauka sau dubbai a minti guda. Sai dai kowane samfuri da irin tasa. Tsofaffin Suzuki masu cin fetur haɗe da baƙin mai suna kama wuta a kowane juyi, don haka jijjigarsu ƙanana ce mai sauri, tana sa hannu ya yi sanyi a doguwar tafiya. Bajaj Boxer da TVS, 'yan ƙasar Indiya, sai an yi juyi biyu suke kama wuta sau ɗaya, kuma ƙaramin injinsu bai cika girgiza ba. Baburan Sin da dama an kwaikwayo injinsu daga Honda CG125 na shekarun 1970. Wannan inji yana da juriya, amma idan aka matsa totur za ka ji jijjigarsa a matakin ƙafa da kan babur. Saboda haka ka gwada Boxer da Boxer, na Sin da na Sin irinsa. Ta haka ne kawai za ka bambance jijjigar asali da ta ciwo.

Ranar duba baburin, ka je da safe, ka taɓa injin ka tabbatar ba a ɗumama shi ba. Sanyin Jos, musamman lokacin hunturu, ba ya rufa wa gajiyayyen inji asiri. A tayar da shi a gabanka. Idan yana ƙwanƙwasa daga ƙasa, kuma ƙarar na ƙaruwa da totur, to konrod ko boris ɗin kurankishaf sun ci, gyara ne mai tsada. Shuɗin hayaƙi a salansar Boxer sau da yawa alamar ringi ya mutu ne. Sannan ka hau, ka matse kuloci kana cikin tafiya. In jijjigar ta ɗauke, daga inji take; in ta ci gaba, a duba sarƙa da taya da wili. Wani lokaci notinan da ke riƙe inji ne kawai suka kwance.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Kano kauri ba. Babur da aka kawo daga ƙasan tudu yana iya yin ciccijewa da baƙin hayaƙi har sai an saita kafireta, kuma wannan ba babbar matsala ba ce.

Daga ƙarshe, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka tambayi kuɗin kayan gyara a kasuwar Dilimi kafin ciniki, ka gwada lambar inji da ta bodi da abin da ke cikin takardu. Babur marar takarda, komai lafiyar injinsa, ka bar wa mai shi kayansa.