Tabarau Mai Ganin Sankara da Nisansa da Agiye

Duk wanda ya taɓa kifa tafin hannunsa a bakin tocila cikin duhu ya ga yadda yatsunsa ke yin ja jawur. Wasan yara ne, amma akwai ilimi a ciki. Jini da naman jiki suna shanye shuɗin haske da kore, su bar ja ya ratsa. Gaba kaɗan da ja kuma akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya kamawa, wanda masana ke kira infared, shi ya fi ja ɗin ma nutsawa cikin nama. A kan wannan hasken ne wani masani haifaffen Najeriya, Farfesa Samuel Achilefu, ya gina aikin rayuwarsa.

Matsalar da ya tunkara ta likitan fiɗa ce. Idan aka kwantar da mace mai sankarar mama, likita yana ganin babban ƙullutun, yana kuma jin taurinsa da yatsa. Abin da ba ya gani shi ne iyakar cutar. Mai yanke ruɓaɓɓen gefen kabewa ya fi shi sa'a, domin shi launi na nuna masa inda zai tsaya, ita kuwa sankara bakinta sajewa yake da lafiyayyen nama. In likita ya yanka da yawa ya cuci mara lafiya, in ya rage ya bar iri. Don haka ake kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, a jira kwanaki kafin a san ko an kwashe duka. A lokacin da Achilefu ke wannan aiki, a Amurka kanta kusan ɗaya cikin kowaɗanne mata huɗu ko biyar da aka cire wa ƙullutu a mama sai an sake mayar da ita ɗakin fiɗa.

Achilefu ba likita ba ne, masanin sinadarai ne. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya riske shi yana yaro, ya tayar da iyalinsu daga inda suke zaune. Daga baya ya sami tallafin karatu na gwamnatin Faransa, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Nancy, ya ƙaro ilimi a Oxford ta Ingila, sannan ya tafi birnin St. Louis na Amurka a 1993 ya kama aiki da kamfanin Mallinckrodt. A 2001 ya koma Jami'ar Washington da ke wannan birni, inda ya kafa ɗakin bincikensa.

Dabararsa ƙafa biyu gare ta. Ta farko wani rini ne da ake sa wa mara lafiya ta jijiya kafin fiɗa, ya zaga jiki, ya fi taruwa a inda cutar take. Ta biyu tabarau ne da likita ke ɗaurawa a ka, mai ɗauke da ƴar kyamara. Idan aka haska wurin da infared sai rinin ya mayar da nasa hasken, kyamarar ta kama, ta ɗora hoton a kan abin da likita ke kallo nan take. Naman da ke da cuta ya fito yana ƙyalli, lafiyayye ya zauna yadda yake. Tabarau na ganin dare irin na sojoji ne ya ba shi hasken abin. A watan Fabrairun 2014 likita Julie Margenthaler ta sa shi a karon farko wajen yi wa wata mata fiɗar sankarar mama a St. Louis, kuma gwaje-gwajen farko sun nuna yana iya fito da tsiron da bai wuce milimita ɗaya ba, wato bai kai ƙwayar gero ba.

A duniyar jami'a an biya shi. Maƙalun bincikensa sun haura 300, yana riƙe da takardun mallakar ƙirƙira fiye da 50, an ba shi lambar yabo ta birnin St. Louis ta 2014, an zaɓe shi cikin Majalisar Masana Likitanci ta Amurka a 2021, kuma a 2022 ya koma cibiyar UT Southwestern da ke Dallas ya zama shugaban farko na sashen injiniyancin likitanci. Da irin wannan lissafi ake auna masani: maƙala nawa ya rubuta, mutum nawa suka ambace ta, ɗalibi nawa ya yaye. Ma'auni ne mai amfani, ba na raina shi. Sai dai ba ya faɗin ko mara lafiya nawa abin ya kai gare su, kuma shekaru goma bayan waccan fiɗa ta farko tabaran bai zama kayan aikin yau da kullum ba ko a asibitocin Amurka.

Jinkirin ba laifinsa ba ne, haka wannan fanni na yaƙar sankara da haske da rini yake tun asali. A 1900 wani ɗalibi a Munich ta Jamus, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa idan akwai haske, amma cikin duhu ba ya yi musu illa sosai. Malaminsa von Tappeiner ya gwada abin a kan sankarar fata a 1903. A 1913 wani likita, Meyer-Betz, ya ɗura wa kansa irin wannan sinadari ya fita rana, fuskarsa da hannunsa suka kumbura suntum, ya daɗe yana gudun rana. Daga nan maganar ta kwanta har sai da Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park da ke Buffalo ya farfaɗo da ita, ya fitar da sakamakon jinyar marasa lafiya a 1978. Sai a 1993 Kanada ta amince da irin wannan magani mai suna Photofrin, Amurka ta biyo baya a 1995. Shekaru 93 ke nan daga ganin ɗalibi zuwa amincewar hukuma ta farko.

Wannan shi ne ɓangaren magani, kuma ba gashi ba ne, kada a haɗa su. Gashi na amfani da tururin da ke ratsa jiki duka ya kai ga tsiro mai zurfi. Shi kuwa wannan jan haske ne kawai, da maganin da ke zaune shiru cikin tsiron. Idan hasken ya taɓa maganin sai ya mayar da iskar oksijin da ke wurin wata irin guba mai gajeren rai, wadda ke kashe ƙwayoyin da ke kusa da ita ta mutu a wurin. Raunin dabarar biyu ne. Na farko, hasken ba ya nutsawa fiye da ƴan milimitoci, shi ya sa ta fi dacewa da fata, cikin baki, maƙoshi, hanyar numfashi da mafitsara, inda za a iya kai fitila ko zaren gilashi. Achilefu da abokan aikinsa sun gwada kauce wa wannan a 2015, ta hanyar sa wa dabbobin gwaji sinadarin da ke fitar da nasa ɗan haske daga cikin tsiron. Rauni na biyu ya fi shafarmu: wanda aka yi wa allurar Photofrin dole ya ƙaurace wa rana aƙalla wata guda. A gaya wa manomin Gazawa ta yankin Maraɗi haka a tsakiyar damina, a ji abin da zai ce.

A nan zan ɗan ratse. Masu yawo da ƴan na'urori a kasuwannin mako, su sa ka riƙe wani ƙarfe, kwamfuta ta jero maka cututtuka goma, ko su haska maka jar fitila a ciki su ce ta narkar da ƙari, ba su da wata alaƙa da wannan ilimi. Fitila ba tare da maganin ba ɗumi kawai take bayarwa. Kuma har yau babu abin da ke tabbatar da sankara sai an ɗebi ɗan nama an duba shi a madubin likita.

To, ina matar Agiye ko ta Gidan Rumji, nan yankin Maraɗi, a cikin wannan labari? Gaskiya ɗaya ce, nesa take. Tabaran Achilefu an yi shi ne domin ƙaramin ƙullutu da aka gano da wuri. A wajenmu kuwa galibi sai an gama da sassaƙe da shafe-shafe, an ce daji ba ya son ƙarfe, ciwo ya fashe ya fara wari, sannan a nemi motar Maraɗi. A wannan mataki ba a buƙatar rini kafin a ga cuta. In kuma gashi ya kama, sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, inda Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa ta sami na'urar gashi ta farko a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

Shi ya sa a ganina reshen wannan bincike da ya fi cancantar malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su sa masa ido shi ne mai araha. Farfesa Tayyaba Hasan ta Harvard, tare da Jonathan Celli da likitocin Jami'ar Aligarh ta Indiya, sun haɗa ƴar fitila mai aiki da batir domin jinyar sankarar baki tun tana sabuwa, wayar hannu kuma ita ke ɗaukar hoton ƙyallin. Farfesa Nimmi Ramanujam ta Jami'ar Duke ta ƙera madubin duba bakin mahaifa da ke shiga aljihu, ana jona shi da waya. Irin waɗannan za su iya rayuwa inda wuta ke ɗaukewa. Amma sai an gwada su a kan mutanenmu, domin baƙar fata tana shanye haske fiye da fara, kuma ma'aunin da aka tsara a Amurka ba lallai ya zauna daidai a kan ɗan Agiye ba.

Kafin su iso, akwai hasken da ke hannu. Sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 350,000 a duniya a 2022, kashi 94 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, alhali tana ɗaukar shekaru tana ba da sanarwa. Ungozomar da aka horar tana shafa tsarmammen ruwan khal a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila mai kyau. Inda nama ya fara sauyawa sai ya yi fari fat, mai iyaka a fili. In wurin ƙarami ne, ana iya ƙone shi a ranar da wata ƴar na'ura mai zafi cikin ƙasa da minti guda, ba tare da fiɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwajin daga shekara 30, mai ɗauke da cutar sida kuma daga 25, ko da mace ba ta jin komai. Wadda kuwa take ganin jini bayan kwanciyar aure ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ko ta ji ƙullutu a mama ko da ba ya ciwo, ta je asibiti a makon, ta tambayi ungozoma inda ake yin gwajin mafi kusa. Kuɗin mota da izinin fita kuma suna wuyan maigida.