Ramuka Tara a Cikin Filin Sukuwa

A garin Musselburgh, tafiya kaɗan gabas da Edinbara a ƙasar Sikotilan, akwai wani filin golf da ke zaune a tsakiyar filin sukuwa. Ramukansa tara ne kacal, ba sha takwas ba. Ranar da dawaki za su yi tsere, 'yan golf kan ba su wuri. Sauran ranaku kuwa duk wanda ya zo ya biya kuɗin shiga zai buga, babu mai tambayarsa ɗan wane ne, ko wace ƙungiya ta tsaya masa. Filin na jama'ar gari ne, kuma abin da ake biya bai kai cikin cokalin abin da filin golf na Muirfield ke karɓa daga baƙo ba, alhali gundumarsu ɗaya.

Kada araha ta sa a raina wurin. Akwai shaida a rubuce cewa an buga golf a nan a 1672, kuma sau shida ana gudanar da babbar gasar golf ta Open a cikinsa tsakanin 1874 da 1889. Hatta faɗin ramin da ake jefa ƙwallo a ko'ina a duniya yau, inci huɗu da kwata, daga nan ya samo asali: wata na'urar haƙa rami da aka yi amfani da ita a Musselburgh tun 1829 ita ce hukumar wasan da ke St Andrews ta ɗauki awonta daga baya.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne mutanen da suka raya filin. A 1811 aka shirya wa matan garin masu tallan kifi gasa, kyaututtukan su ne kwandon kifi da ƙyallayen siliki. Matan da suka saba taka sayyada zuwa Edinbara da kaya niƙi-niƙi a baya, su ne suka riƙe sanda suna auna rami. Bob Ferguson, wanda ya ci Open sau uku a jere daga 1880 zuwa 1882, da ɗaukar wa masu hali sanduna ya fara a wannan filin tun yana yaro. A Kano da Kaduna da Jos, inda Turawan mulkin mallaka suka bar mana filayen golf, yaron da ke ɗaukar jaka shi ma ya san kowane tudu da kwari na filin, sai dai filin ba na garinsu ba ne, na 'yan kulob ne.

Manya sun bar Musselburgh ne da cunkoso ya ishe su. A 1891 babbar ƙungiyar attajiran Edinbara ta koma Muirfield, gasar Open ta bi ta a 1892, ba ta sake dawowa ba. A ganina filin bai yi asara ba, domin ya ci gaba da zama a hannun masu shi na asali.

Mai son ɗanɗana wasan yadda aka buga shi a da yana iya karɓar hayar sanduna masu ƙotar itace a wurin. Ba sa cilla ƙwallo nesa, ga iskar teku tana karkatar da ita, don haka sai an bi a hankali, musamman a rami na huɗu, mai sunan Mrs Forman's, wanda ya fi sauran wuyar sha'ani.