Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Ake Tantance Fifikon Irin Shinkafa

A watan Nuwamba na shekarar 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Manomin fadamar Gulbin Rima, daga Zauro har Argungu, da ya karɓi iri da taki bashi, da amfanin gonarsa zai biya. Saboda haka idan malamin gona ya ce masa sabon iri ya fi wanda ya saba shukawa yabanya, wajibi ne maganar ta kasance da hujja. Shin ta yaya masana ke samo wannan hujja?

Ba zai yiwu a auna dukkan gonakin fadama ba, don haka sai a ɗauki samfuri. A ƙaddara an ware filaye 20, aka jefa ƙuri'a, goma suka sami sabon iri, goma suka sami tsohon. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada iri ɗaya ya kwashe filaye masu dausayi. Da aka yi girbi, sai matsakaicin sabon iri ya kama buhu 44 a hekta, na tsohon kuwa buhu 40.

A ido, sabon iri ya yi nasara. Amma ko iri ɗaya aka shuka, filaye ba sa ba da amfani daidai, domin ƙasa da ruwa da ɓarnar tsuntsaye sun bambanta. Wannan ya sa mai bincike yakan fara da zaton cewa babu wani bambanci tsakanin irin biyu, sannan ya duba ko alƙaluma za su rushe zaton.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne gwajin t. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, ya aza harsashinsa a 1908, Ronald Fisher kuma ya faɗaɗa shi a 1925. Akan raba bambancin matsakaitan biyu da kuskuren da ake tsammani daga warwatsuwar sakamako.

Idan warwatsuwar kowane rukuni buhu 4 ce, akan ninka 4 da kanta a sami 16, a raba da 10 a sami 1.6. Na rukuni biyu ya zama 3.2, saiwarsa kuma 1.79. Raba 4 da 1.79 ya ba da 2.24. Jadawalin t ya nuna cewa a filaye 20, in babu bambanci na gaskiya, sau 5 kawai cikin 100 adadin zai wuce 2.10. Ke nan an rushe zaton farko.

To, amma da warwatsuwar buhu 6 ce, da adadin ya tsaya a 1.49. Bambancin buhu huɗun yana nan, sai dai hujja ba ta isa ba. Wannan ba ya nufin irin biyu ɗaya suke. Yana nufin a ƙara filaye a sake gwaji.

Ɗalibai na iya jarraba wannan a lambun makaranta. Shi kuwa manomi, kafin ya ci bashi, ya dace ya tambaya: a filaye nawa aka gwada irin nan, kuma yaya sakamakon ya warwatsu?