Hoton waya da filta: yadda ake auna hoto mai kyau, da inda gyara ke komawa ƙarya

A shekarar 2020, hotunan wani tsohon wurin fasa dutse da ke Mpape, a gefen birnin Abuja, suka bazu a kafafen sada zumunta. Ramin da aka bari bayan an daina aiki ya cika da ruwa, duwatsu sun kewaye shi, ciyayi sun tsiro a gefensa. Cikin 'yan makonni, wurin da a da ba kowa ya san da shi ba ya zama matattarar masu yawon shaƙatawa, kowa da wayarsa a hannu. Wanda ya jera hotunan wurin a gabansa zai ga abin mamaki: a wannan ruwan shuɗi ne, a wancan kore, a wani kuma ya yi duhu. Alhali ruwan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da aka ɗauki hoton, da yanayin sararin sama a ranar, da kuma filtar da mai hoton ya ɗora masa kafin ya wallafa.

A yau kusan duk mai wayar zamani ya zama mai ɗaukar hoto, kuma cikin wayar tasa akwai kayan gyaran da a da sai ƙwararru ke da su. Saboda haka ya kamata mai sha'awar hoto ya san abubuwa biyu: yadda ake gane hoto mai kyau, da iyakar abin da filta za ta iya yi masa ba tare da ta sauya gaskiyar abin da aka ɗauka ba.

Me filta ke yi wa hoto?

Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Kyamara mai megafiksel 12 tana samar da hoto mai ɗigo kusan miliyan 12, wato 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. A irin hoton da waya ta saba adanawa, kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku, ɗaya ta launin ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, kuma kowace tana tsakanin 0 da 255. Idan dukkansu 0 ne, ɗigon baƙi ne ƙirin. Idan dukkansu 255 ne, fari ne fat. Aikin filta lissafi ne kawai a kan waɗannan lambobi: ta ƙara wannan, ta rage wancan, sai launi ya yi kauri ko hoto ya yi haske.

Daga nan ake gane iyakarta. A ɗauki misalin wanda ya sa farar shadda mai aiki, aka ɗauke shi hoto a harabar Babban Masallacin Ƙasa bayan sallar Juma'a, rana tana tsaka. Idan haske ya yi yawa har lambobin rigar duka suka kai 255, zaren aikin da ke ƙirjinta ya ɓace ke nan, domin wayar ba ta adana komai a wurin ba sai fari. Duk filtar da aka ɗora daga baya, abin da za ta iya shi ne ta mayar da farin toka-toka. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Gyaran hoto ba sabon abu ba ne. Masu situdiyo na zamanin fim sukan shafe tabon fuska da fensir kafin su wanke hoto, kuma manhajar Photoshop ta kamfanin Adobe ta fito tun 1990. Abin da ya sauya shi ne sauƙi. Instagram, da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2010, ya sa sauya launin hoto ya zama aikin taɓawa ɗaya. A 2015 Snapchat ya kawo filtar da ke bin fuska tana sauya ta, sannan a 2023 filtar Bold Glamour ta TikTok ta ja hankalin duniya saboda yadda take sake fasalin fuska a bidiyo har ya yi wuya a gane. Ke nan filta iri biyu ce. Ɗaya tana taɓa haske da launi. Ɗaya kuma tana gano ido da hanci da haɓa, ta goge ƙofofin gashin fata, ta ƙara girman ido, ta tsuke muƙamuƙi.

Yadda ake yi wa hoto sharhi

Tambaya ta farko da mai sharhi zai yi ita ce: me aka ɗauka? Kuskuren da ya fi yawa a hotunan 'yan koyo shi ne son cusa komai a hoto guda, har ido ya rasa inda zai sauka. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu. Hotunan baƙi da fari ne, bayansu fili ne da babu komai, kuma da yawansu daga ƙeya aka ɗauka. Mai kallo ba ya tambayar abin da ake son ya gani. Haka ita ma Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta yi suna da hotunan Bits of Borno da ta fara wallafawa a Instagram a 2015, saboda ta zaɓi abin da za ta nuna: rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a lokacin da duniya ba ta jin komai game da jihar sai labarin hare-hare.

Tambaya ta biyu ita ce haske. Abuja tana kusan digiri tara arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana hasken yana saukowa ne kusan daga saman kai. Sai kwarmin ido ya yi duhu, goshi ya yi ƙyalli, inuwar hanci ta sauka a kan leɓe. Da hantsi ko la'asar sakaliya kuwa hasken yana zuwa ne daga gefe, yana da laushi, yana fito da siffar fuska da ta gini. Idan dole ne a ɗauka da rana tsaka, a shiga inuwar bishiya ko ta baranda. Wanda kuma ya tsayar da mutum ya bai wa taga ko rana baya, to, inuwarsa kawai zai samu.

Damina da hunturu ma suna da nasu hukunci. A watannin Disamba da Janairu hazo yakan lulluɓe abin da ke nesa, har Dutsen Zuma da ke kusa da Madalla a hanyar Kaduna, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100, ya koma kamar inuwa. Mai koyo yakan so ya yaƙi hazon ta hanyar ƙara kaurin launi da bambancin haske da duhu, sai sama ta fito da dabbare-dabbare, dutsen kuma ya yi launin da ba nasa ba. Mafita biyu ce: ya bar hazon ya fito a matsayin yanayin ranar, ko ya jira damina, lokacin da ruwan sama ya wanke iska.

Tambaya ta uku ita ce tsari. A hoton Tafkin Jabi, idan layin da ruwa ya haɗu da ƙasa ya karkace, sai a ga kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe. A hoton mutum, a duba bayansa kafin a danna, kada turken lantarki ya fito kamar daga kansa ya tsiro. Yawancin wayoyi suna da layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara. Ajiye abin da ake ɗauka a kan ɗaya daga cikin mahaɗar layukan yakan ba hoto daidaito. Zuƙo abu da yatsu kuwa, a wayar da ba ta da gilashin hangen nesa na musamman, yanke hoton ne kawai tare da faɗaɗa shi, shi ya sa yake dishi-dishi. Matsawa kusa da ƙafa ya fi. Hatta goge maiƙon yatsa daga gilashin kyamara yakan gyara abin da filta ba ta iyawa.

Sai bayan waɗannan uku ake zuwa ga gyara. Shi ma sharhin yana da ladabi. Cewa hoto ya yi kyau ko bai yi ba ba ya koya wa mai shi komai. Mai sharhi nagari yakan faɗi abin da ya yi daidai, ya nuna aibi ɗaya da ya fi girma, ya faɗi yadda za a kauce masa nan gaba. Zai kuma nemi ganin asalin hoton, domin WhatsApp yakan matse hoto ya rage ingancinsa idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Mai hoton shi ma ya tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Batun launin fata

A nan ne filta ta fi taɓa rayuwar mutane. Tun zamanin fim kayan ɗaukar hoto ba su yi wa baƙar fata adalci ba: katin da kamfanin Kodak ya riƙa bai wa masu wankin hoto don daidaita launi, wanda aka sani da katin Shirley, ya daɗe yana ɗauke da hoton farar mace. Har yau, idan baƙin mutum ya sa fararen kaya, kyamara takan auna hasken rigar ta bar fuskar cikin duhu. Maganin wannan shi ne a taɓa fuskar a jikin allon waya kafin a ɗauka, domin kyamara ta auna haskenta. Kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno da Infinix da Itel, ya yi fice a kasuwannin Afirka da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, kuma Google ya kawo tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021 da wannan manufa.

Amma haskaka fuskar da inuwa ta rufe daban ne da sauya mata launi. A watan Afrilun 2017 masu manhajar FaceApp sun nemi afuwa bayan an gano cewa filtarsu ta ƙara kyau tana faranta fatar mutane. Wannan tunani na cewa fari shi ne kyau, shi ne kuma ke sayar da man bilicin, wanda Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a watan Fabrairun 2023. Wasu ƙasashe sun shigar da doka cikin lamarin: tun 2017 Faransa ta wajabta rubuta sanarwa a jikin hoton tallar da aka sauya surar jikin mai tallar, Norway ta bi sahu a 2022. A watan Nuwamban 2024 TikTok ya sanar da cewa zai taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 amfani da wasu filtocin sauya kamanni.

Inda gyara ke da sakamako

A watan Janairun 2024 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ƙarƙashin Minista Olubunmi Tunji-Ojo, ta fara tsarin neman fasfo ta intanet inda mai nema ke ɗora hotonsa da kansa. Dole hoton ya cika ƙa'idar Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO: fuska ta kalli gaba, bayan hoton ya zama fili, kuma ya nuna kamannin mutum na gaskiya. Na'urar tantance fuska tana kwatanta siffofi irin su tazarar idanu da fasalin hanci da haɓa, waɗanda su ne filtar kwalliya ke taɓawa. Wasu wayoyin suna zuwa da wannan filta a kunne a kyamarar gaba, mai wayar bai ma sani ba. Wanda bai kashe ta ba yana iya jawo wa kansa jinkiri ko a mayar masa da hoton. Garin neman gira ya rasa ido.

A aikin jarida ƙa'idar ta fi tsauri. Manyan kamfanonin dillancin labarai suna yarda a datse gefen hoto ko a ɗan daidaita haske da launi, amma ba sa yarda a ƙara ko a cire wani abu. A gasar World Press Photo ta 2015, an kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙima. A watan Maris na 2024 kuma kamfanonin AP da Reuters da AFP da Getty suka janye hoton Gimbiyar Wales, Catherine, tare da 'ya'yanta, bayan sun gano alamun gyara. Washegari ta nemi afuwa, ta bayyana cewa takan gwada gyaran hoto lokaci-lokaci kamar sauran masu ɗaukar hoto don sha'awa. Wannan ya shafi ɗan Najeriya ma, domin sau da yawa hoton ambaliya ko gobara ko taron jama'a daga wayar wani mai wucewa yake fara fitowa. Wanda ya ƙara wa hayaƙi duhu don hoton ya ja hankali ya rage masa daraja a matsayin shaida.

Gwaji cikin sanin ya kamata

Duk wannan ba ya hana wasa da filta. Ta hanyar gwaji ake koyo, kuma hoton da aka yi don fasaha, aka bayyana cewa an sarrafa shi, bai yaudari kowa ba. Sharaɗin farko shi ne a ajiye asalin hoton, a yi gyara a kan kwafi. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, haske ko launi ko kaifi, don a san abin da kowanne ya haifar. Yawancin manhajoji suna bari a rage ƙarfin filta, kuma rabin ƙarfinta yakan wadatar. Mayar da hoto baƙi da fari gwaji ne mai amfani, domin idan launi ya tafi, nan take ake ganin ko haske da tsari sun tsayu.

A ƙarshe a ajiye asalin da wanda aka gyara gefe da gefe, a tambayi kai ko wanda ya je wurin a ranar, ko ya san mutumin, zai gane shi. Hotunan Ojeikere sun zama taskar tarihi saboda kitson da ke cikinsu shi ne kitson da matan suka yi. Hotunan biki da suna da Sallah da ake tarawa a wayoyi a yau su ne za a nuna wa jikoki, kuma abin da za su nema a ciki shi ne fuskar kakarsu kamar yadda take.