IDAN LIKITA YA SA RANAR AIKIN HAIHUWA

Aikin haihuwa, watau tiyatar da ake yi wa mace a ciro jariri ta ciki, iri biyu ne. Akwai na gaggawa, wanda ake yi bayan mace ta daɗe tana naƙuda, ta galabaita, ko jini ya ɓalle mata. Akwai kuma wanda likita ya hango tun wurin awo, ya sa masa rana kafin naƙuda ta fara. Na biyun nan shi za mu duba yau, domin ya fi na farko sauƙi da aminci ƙwarai, muddin iyali sun shirya. Abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa in an gaya wa mace za a yi mata aiki, sai tsoro ya sa ta daina zuwa awo, ta zauna gida sai naƙuda ta tsananta. Ta haka aikin da za a yi cikin natsuwa da rana tsaka ya kan koma na gaggawa da tsakar dare.

Me ya sa likita kan zaɓi aiki?

Likita ba ya sa ranar aiki haka kawai. Ga manyan dalilai:

1. Mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa. In naƙuda ta fara a haka, jini zai zuba da yawa kafin jariri ya sami hanya.
2. Jariri ya kwanta a gicciye, ko ya juyo da gindi, har ciki ya kai wata tara bai juya ba.
3. An taɓa yi wa mace aiki sau biyu ko fiye. Tabon mahaifa yana iya yagewa da ƙarfin naƙuda.
4. Ƙugu ya yi ƙanƙanta, jariri kuwa babba ne.
5. An taɓa yi mata ɗinkin yoyon fitsari. Haihuwa ta ƙasa tana iya warware ɗinkin.
6. Tagwaye ne, na farkon kuma bai juyo da kai ba.
7. Hawan jini mai tsanani, wanda ake tsoron ya kai ga jijjiga.

Babu ɗaya cikin waɗannan da yake laifin mace. Ba ragwanci ne ya kwantar da jariri a gicciye ba, jarunta kuma ba ta juya shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Nijeriya kamar haihuwa 3 ce cikin 100 ake yi ta hanyar aiki, a ƙauyuka ma bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta lura cewa mutuwar uwaye da jarirai tana raguwa yayin da adadin yake hawa zuwa kamar 10 cikin 100. Ashe ke nan a ƙasarmu mata da yawa masu bukatar aikin ba sa samunsa. Waɗansunsu sun rasu, waɗansu sun rasa jaririn, waɗansu kuma su ne ke kwance a asibitin Babbar Ruga a Katsina suna jiran ɗinkin yoyon fitsari.

Yadda ake yin aikin

Yawancin tsoro daga rashin sani yake. Bari mu faɗi abin da ke faruwa filla-filla.

A kan sa ranar ne a wajen mako na 39 na ciki, domin huhun jariri ya ƙosa. Za a gwada jinin mace tukuna, a san irinsa da yawansa. Za a ce kada ta ci abinci na kamar awa 6 kafin aikin, ko tun daga tsakar dare. Ta bi wannan daidai, kada uwa ko ƙanwa ta ba ta kunu a ɓoye don tausayi, gama abinci a ciki yana iya komowa ya shaƙe ta.

A ɗakin aiki za a sa mata ruwa a jijiya, a sa robar fitsari. Galibi allurar baya ake yi: mace ta zauna ta sunkuya, a yi mata allura a ƙasan gadon baya. Cikin 'yan mintoci jikinta daga ƙirji zuwa ƙafa zai mutu. Idonta biyu, tana iya magana da nas, za ta ji ana taɓawa da ja, amma ba za ta ji zafin yanka ba. Akwai labule tsakaninta da wurin aikin. Yankan a kwance yake a ƙasan mara, kamar tsawon taƙi ɗaya. Cikin minti 10 ko 15 za ta ji kukan jaririnta. Sauran lokacin na ɗinki ne, duka-duka kamar awa ɗaya. Bayan 'yan awoyi ƙafafu za su dawo daidai. Washegari a cire robar fitsari, a taimake ta ta taka. In babu wata damuwa, kwana 3 zuwa 5 sai sallama.

Amsar abubuwan da ake tsoro

"Zan mutu." Aiki aiki ne, ba za mu ce babu haɗari sam ba. Jini yana iya zuba, ciwo yana iya ruɓewa. Amma ga mace mai ɗaya daga cikin dalilan nan bakwai, haɗarin zama gida ya fi na aiki nesa ba kusa ba. Labaran da muka sha ji na matan da suka rasu bayan aiki, in an bi diddigi, yawanci an kai su ne bayan kwana biyu ko uku suna naƙuda.

"Ba zan ƙara haihuwa ba." Ba gaskiya ba ne. Mata da yawa sun haifi 'ya'ya bayan aiki, waɗansu ma ta ƙasa. Sharaɗi biyu ne: a huta kamar shekara 2 kafin wani ciki, kowace haihuwa ta gaba kuma a asibiti za a yi ta. Ba a ɗaure mahaifar mace sai da saninta da yardarta.

"Allurar baya tana gurgunta mutum." Mutuwar ƙafafu ta 'yan awoyi ce. Waɗansu kan yi ciwon kai na 'yan kwanaki, ana kuwa maganinsa.

"Za a yi mini gori." Wannan tsoron mu ne muka jawo shi da bakinmu, mu ne kuma za mu kawar da shi. Surukai da kishiyoyi da maƙwabta su kiyaye harshensu. Wadda aka yanka cikinta domin ɗanta ya rayu ba ta gaza kowa ba.

'Yar'uwa, in tsoro ya hana ki barci, kada ki bar shi a zuci. Ki nemi wadda aka taɓa yi wa aikin ta ba ki labari, ki ga tabonta da idonki. Ki riƙe tambayoyinki ki yi wa nas ranar awo, babu kunya a ciki. Ki roƙi zumuntar mata su ziyarce ki, su yi addu'a tare da ke, su kuma zaɓi wadda za ta raka ki.

Shirin maigida da na ƙungiya

Manomi ba ya jira ruwan shuka ya sauka kafin ya nemi iri. Haka nan wannan. Abu biyar za a tanada tun ciki yana wata bakwai.

Wuri. Akwai babban asibiti a Talata Mafara, da Bakura, da Maradun. Maigida ya raka matarsa awo, ya tambaya a fili: a nan za a yi aikin, ko za a tura mu? In ciki mai wuya ne, ana iya tura su asibitin Tarayya ko asibitin Yariman Bakura a Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya kuma ji bayanin takardar yarda tun da wuri, domin an sha ɓata lokaci ana neman miji ya zo daga gona ko kasuwa.

Kuɗi. A tambayi abin da za a kashe, har da magani da abinci da mota. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A tambaya ko asibitin yana cikin shirin. Duk da haka a ajiye wani abu a hannu. Ƙungiya ta buɗe asusun haihuwa: lokacin kaka, ko bayan girbin shinkafar rani a Bakolori, kowane gida ya kawo mudu ɗaya ko biyu. Wanda bukata ta same shi a ba shi rance ba ruwa, don kada ya karyar da akuyarsa ranar Talata a kasuwar Mafara.

Jini. Asibiti kan nemi a tanadi jini leda ɗaya ko biyu. A sami mutum biyu ko uku masu lafiya su je a gwada su kafin ranar. Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji, jiki yana mayar da shi cikin 'yan makonni. Ita kuma mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum, ta ci zogale da wake da hanta da ƙwai, ta sha maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake bayarwa wurin awo, ta kwana cikin gidan sauro.

Hanya. Duk mun san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare, ga kuma taɓo da ƙoramu in damina ce. A yi magana da mai mota tun da wuri, a tafi da rana. Waɗanda ƙauyensu ke nesa su sauka gidan 'yan'uwa a cikin gari mako ɗaya kafin ranar. In naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko jariri ya daina motsi, kada a jira ranar da aka sa. A tafi nan take.

Hannu. Mai jego za ta yi mako 6 ba daka, ba ɗaukar tulu, ba itace, ba aikin gona. A tsara wanda zai kama waɗannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan an dawo gida

A ba jariri nono tun a awa ta farko in hali ya yi. Dakashi ba dauɗa ba ne, shi ne rigakafinsa na fari. Mai jego ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan a tsakar gida, domin kwanciya kullum tana sa jini ya daskare a ƙafa. A bar ciwon a bushe da tsabta, kada a shafa masa mai ko toka ko garin magani.

Game da wankan jego, ruwa mai ɗumi ya isa. Kada a fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki, kada kuma a gasa ta a gadon wuta. A bar kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna cewa yawan kanwa da yawan zafi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. A ba ta kunun gyaɗa, da nama, da miyar ganye, da ruwa mai tsabta.

A koma asibiti da sauri in an ga zazzaɓi, ko ciwon yana ruwa ko wari, ko jini ya ƙaru, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ido yana gani dishi-dishi. In mai jego ta shiga yawan kuka da rashin barci, ta ƙi kula da jaririn, wannan ma ciwo ne, a gaya wa likita.

Shugabannin ƙungiya, ku karanta wannan a taronku na gaba, maza da mata suna zaune. Ku rubuta sunayen masu iya ba da jini, ku san mai motar da za a kira, ku zaɓi ma'ajin asusun haihuwa kafin a watse.